Yaron Da Ba Ya Waiwayowa: Wasa, Motsi Da Magana A Tsakar Gida



Sharhinmu na yau a kan wani yaro ne da kusan kowace unguwa ta san irinsa. Ya kai shekara uku, ƙafa lafiya, ido lafiya, amma a kira sunansa sau nawa ba zai waiwayo ba. Da an tayar da injin niƙa a maƙwabta kuwa, sai ya toshe kunnuwa da hannu biyu ya fashe da ihu. Idan yana son ruwa ba ya cewa komai, sai ya ja hannun uwarsa ya ɗora a kan randa. Yakan jera murafen kwalba a layi ya wuni yana kallo, kuma kowa ya taɓa masa ɗaya ya tono rigima. Wasu su ce kurma ne, wasu su ce miskilanci, wasu su ce iska ce ta shafe shi. Larura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma, wadda likitoci ke kira otizim, mu kuma muka saba ji da sunan galahanga.

Wani likitan yara a Amurka, Leo Kanner, shi ya fara bayyana ta dalla-dalla a shekarar 1943, bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta a maza. Gado yana da babban hannu a ciki. Ba sakacin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba ce. Wannan zargi na rigakafi ya samo asali ne daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998, wanda daga baya aka gano akwai maguɗi a cikinsa, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace wa likitan da ya jagoranci rahoton lasisin aiki. Na faɗi wannan ne saboda mu a Arewa mun san abin da jita-jita a kan rigakafi ta jawo mana a zamanin shan-inna.

To, an gane larurar. Sai me? A nan yawancin iyaye ke tsayawa cak. Ƙwararrun koyar da magana a Najeriya ba su da yawa, waɗanda ke akwai ɗin ma suna manyan birane, kuɗin zama da su kuma ya fi ƙarfin talaka. Amma ina so uwar da ke saurarena daga ƙauye ta ji wannan da kyau. A Ingila an yi wani bincike a kan yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4. Maimakon a riƙa ɗauke yaro ana shiga ɗaki da shi, sai aka koyar da iyayen wasu daga cikinsu. Ana ɗaukar hoton bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, a zauna a kalla tare, a nuna mata: ga inda ya yi miki ishara ba ki lura ba, ga inda kika yi hanzarin katse shi. Da aka sake duba yaran bayan kusan shekara shida, a rahoton da ya fito a 2016, an tarar alamomin larurar sun fi sauƙi a wajen waɗanda aka koyar da iyayensu. An gwada irin wannan a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba suka koyar da iyaye, aka kuma ga amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da nata tsarin horar da masu reno, zama tara na rukuni da ziyarar gida uku. Ma'ana, babban aikin a hannun mutanen gida yake, kuma kayan aikin suna nan a tsakar gidanmu.

Kafin komai, a kai yaro a auna kunnensa. A yankin da sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa suka yi yawa, yaro zai iya rasa magana don kawai ba ya ji. Asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Yaron da ya shekara ɗaya ba ya gwaranci ba ya nuni da yatsa, ko ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko ya shekara biyu ba ya haɗa kalmomi biyu, ko kuma ya fara magana ta ɗauke, kada a zauna ana cewa kawunsa ma ya yi nauyin baki. A je asibiti.

Bari mu fara da yadda yaron ke jin duniya, domin wanda bai gane wannan ba zai yi ta dukan yaro a kan abin da ba laifinsa ba. Ku ɗauka rediyon da kuke saurarena da ita ce maɓallin ƙara murya ya lalace: wata tashar ta fito da ƙarar da ke fasa kunne, wata kuma sai an manna kunne kafin a ji. Haka ji da gani da taɓawa da ƙamshi da ɗanɗano suke zuwar wa da yawa daga cikin yaran nan. Sabuwar shadda mai sitaci ranar Sallah tana iya zame masa azaba. Ƙugin janareta, hon ɗin A Daidaita Sahu, lasifikar gidan biki, injin aski a ƙeya, warin daddawa, yauƙin miyar kuɓewa, duk suna iya tayar masa da hankali. Shi ɗin dai kuma zai iya taka ƙaya ko ya ƙone bai yi kuka ba. Bayan ji da gani da taɓawa da ƙamshi da ɗanɗano, biyar ɗin da kowa ya sani, akwai wasu biyu da ba a cika ambata ba: wanda ke can cikin kunne yana daidaita tsayuwa da juyi, da wanda ke cikin tsoka da gaɓoɓi yana sanar da mutum inda hannunsa da ƙafarsa suke ko da ido a rufe. Wata ƙwararriya 'yar Amurka, Jean Ayres, ita ta ja hankalin duniya ga wannan fage a littafinta na 1972. Yaron da ke ta hajijiya, ko tsalle, ko kaɗa hannuwa, ko tafiya a kan yatsun ƙafa, sau da yawa jikinsa ne ke neman wannan saƙo. Idan abin ba ya cutar da shi ko wani, a ƙyale shi. Da shi yake kwantar da hankalinsa.

Abin yi na farko shi ne lura. Mene ne yake gudu, mene ne yake nema? Wanda ke gudun taɓa abu mai danshi, kada a kama hannunsa a cusa cikin ƙullu. A fara da busasshe: faranti cike da yashi mai tsafta, ko gero, a binne masa ƙaramar mota ko cokali ya tono. In ya ƙi sa hannu, a ba shi ludayi. Bayan kwanaki a ɗan yayyafa wa yashin ruwa. Daga nan a kai ga yumɓu, a kai ga ƙullin fulawa, a kai ga kumfar sabulu a baho. Haka ma abinci. Yaron da ba ya cin komai sai biredi da shayi, ɗure ba ya gyara shi, ƙara masa tsoron kwano yake yi. A ajiye ɗan loma na sabon abinci a gefen wanda ya saba, yau ya kalla, gobe ya shinshina, wata rana ya lasa. Sai dai a kula, wake da gyaɗa da tsakuwa suna shiga hanci da kunne da maƙogwaro, don haka babba ba ya tashi daga wajen.

Wanda kuma ke neman matsi da motsi, a nan al'adarmu ta riga ta yi mana rabin aiki. Akwai wata farfesa a jami'ar jihar Kolorado mai suna Temple Grandin, wadda ita kanta tana da wannan larura, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku. Tana budurwa ta ga yadda shanu ke natsuwa idan aka sa su a wani matsattsen keji a gonar gwaggonta, sai ta ƙera wa kanta na'urar da ke matse jiki don ta sami natsuwa. Mu kuwa muna da goyo. Zani da majanyi suna ba yaro wannan matsi tun yana jariri. In ya girmi goyo, a naɗe shi da bargo ko tabarma mai laushi, kai da fuska a waje, a ɗan danna kafaɗu da cinyoyi da tafin hannu, a sake shi da zarar ya nuna ya ishe shi. Tausa da man kaɗanya bayan wanka, da hannu mai ƙarfi ba shafa sama-sama ba, domin shafar sama-sama ta fi damun wasunsu. Lilo a reshen darbejiya, a hankali, gaba da baya. A kuma ware masa wani lungu a ɗaki, mara haske sosai, mara hayaniya, inda zai shige idan duniya ta yi masa yawa.

Zan faɗi gaskiya a nan, domin akwai masu cin kasuwa da damuwar iyaye. Waɗannan wasanni suna taimaka wa yaro ya natsu har ya iya koyo, amma ba sa cire larurar. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa tun 2012 cewa hujjar da ke bayan irin wannan jinya taƙaitacciya ce. Duk wanda ya ce yana da kwalba ko garin magani ko na'urar da ke warkar da galahanga, a riƙe kuɗi a aljihu.

Motsin jiki ba ya buƙatar dogon bayani, don yaran Hausawa sun gaji wasanninsa. 'Yar gala-gala tana koyar da tsalle da daidaita jiki. Langa haka. A zana layi da gawayi ya bi a kai, a jera tsofaffin tayoyi ya tsallaka, a jefa masa ƙwallon tsumma ya cafe. Aikin ƙarfi kuma yana kwantar da yawancinsu: ya tura baro, ya ɗauki ƙaramin bokiti ya kai wa akuya ruwa, a ba shi 'yar taɓarya ya taya daka. Don yatsu, ya mulmula fura, ya ɓare gyaɗa, ya tsinke ganyen zogale, ya zura igiya cikin murafen kwalba da aka huda, ya maƙala abin shanya a bakin kwano. Waɗannan su ne yatsun da gobe za su riƙe alƙalami su ɓalla maɓalli. Idan ana koya masa sa riga ko wando, ga wata dabara: ki yi masa dukkan matakan, ki bar masa matakin ƙarshe kawai, wato jan wandon daga gwiwa zuwa ƙugu. In ya iya, ki bar masa biyun ƙarshe. Ta haka kullum da nasara yake gamawa.

Yanzu ga inda zuciyar kowace uwa take: yaushe zai yi magana?

Magana ba daga harshe take farawa ba. Kafin yaro ya ce "ruwa", sai ya gane cewa akwai wani mutum a gabansa wanda in an yi masa alama zai amsa. Wannan ganewar ita ce ke yi wa yaranmu wuya. Shi ya sa kai yaro wajen wanzami a yanke masa linzami ko a cire beli ba ya kawo kalma ko ɗaya, sai zubar jini da haɗarin ƙwayoyin cuta. Matsalar ba a ƙarƙashin harshe take ba.

Ki zauna a ƙasa, fuskarki daidai da tasa. Kada ki zo da naki wasan, ki shiga nasa. Yana buga murfin tukunya? Ɗauki wani murfin ki buga yadda ya buga. Ya tsaya, ki tsaya. Ya ce "ba-ba-ba", ki ce "ba-ba-ba". Za ki ga wata rana ya dakata ya saci kallonki, yana son ya ga ko za ki sake. Wannan satar kallon ita ce hira ta farko tsakaninku, kuma a kanta ake gina sauran.

Daga nan sai ki koyi jira, wanda shi ne mafi wuya. Muna son 'ya'yanmu har muna ba su abu kafin su nema, sai ya zama ba su da dalilin nema. Ki tura shi a lilo sau uku, ki riƙe igiyar, ki dube shi, ki ƙirga goma a zuci. In ya motsa jiki, ko ya kalle ki, ko ya yi wani sauti, ki ce "ƙara!" ki sake tura shi nan take. Ki hura kumfar sabulu, ki rufe robar, ki jira. Amfanin kumfar ba ƙarfafa leɓe ba ne, amfaninta shi ne tana sa ya nemi a sake. Ki sa ƙuli-ƙulin da yake so a roba mai murfi wadda yake gani amma ba ya iya buɗewa, dole ya kawo miki. Ki ɗaga kofi biyu ki ce "kunu ko shayi?", duk wanda ya miƙa wa hannu ki faɗi sunansa ki ba shi. Ki rera waƙar da ya sani, ki yi shiru kafin kalmar ƙarshe. Ba a hana shi abin har ya yi kuka, a'a. Ana ba shi daƙiƙu ne kawai ya yi nasa yunƙurin.

Ki rage yawan kalmomi. Yaron da ba shi da kalma, a yi masa magana da kalma ɗaya-ɗaya: "takalmi", "zauna", "buɗe". Mai kalma ɗaya, a ƙara masa ta biyu: ya ce "mota", ki ce "jar mota". A daina jarrabawar nan ta gaban baƙi, "ce Baba, ce Baba, gaishe da Hajiya", wadda ba ta haifar da komai sai kunya ga uwa da ƙunci ga yaro. Kada kuma a kama haɓarsa a ce sai ya kalli ido. Mu da muka tashi ana hana mu zura wa babba ido, bai kamata wannan ya dame mu ba.

Akwai wani abu da nake roƙon kakanni su ji da kunnen basira. Alkunya ga ɗan fari al'ada ce mai kyau a wurinta: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. Amma in ɗan farin nan yana da wannan larura, yana buƙatar muryar uwarsa da fuskarta da dariyarta fiye da kowane yaro a gidan. Hajiya kaka, ke ce za ki ɗauke wa surukarki wannan nauyi. Ki ce mata da bakinki, "Zauna ki yi wasa da ɗanki, babu komai." Kalmarki ɗaya ta fi nasihar likita goma tasiri a wannan gida.

Wasu yaran suna maimaita abin da suka ji: ka ce "kana son ruwa?" ya ce "kana son ruwa?", ko ya haddace tallar rediyo ko karatun da yake ji daga masallaci. Kada a tsawata masa. Hanya ce ta koyon harshe, kuma sau da yawa akwai abin da yake nufi. A faɗa masa jimlar yadda shi zai faɗe ta, "ina son ruwa", sannan a miƙa masa.

Wasu kuma maganar baki za ta yi jinkiri sosai, wasu ba za ta zo ba. Wannan ba ya nufin ba su da abin cewa. A 1985, a jihar Delaware ta Amurka, Andy Bondy da Lori Frost suka fito da tsarin da yaro ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi. A gida za a iya farawa da kayan kansu: kofi yana nufin sha, buta tana nufin bayi, takalmi yana nufin fita. Daga baya a ɗauki hotunansu da waya a wanke, a manna a kwali. Iyaye kan ji tsoron hoto ko alamar hannu za su sa yaro ya yi kasalar magana. Bincike ya nuna ba sa hanawa, sau da yawa ma taimakawa suke. Kuma yaron da ya sami hanyar cewa "ya ishe ni" yakan rage buga kai da cizo, domin yawancin wannan fushi na rashin hanyar faɗa ne.

Kada a yar da Hausa a koma yi masa Turanci zalla wai don kada ya rikice. Ba a sami hujjar cewa harshe biyu na cutar da waɗannan yara ba, kuma in an raba shi da Hausa an raba shi da kakarsa da abokan wasansa. Waya kuma a yi hattara da ita. Tana sa shi shiru, gaskiya ne, amma ba ta jiran amsarsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Yaran nan suna samun natsuwa idan sun san abin da ke tafe, kuma gidan Musulmi yana da jadawali a shirye. Bayan Asuba wanka da kari, bayan La'asar lilo da yashi, bayan Isha'i tausa da barci. Minti goma nan, minti goma can, a cikin aikin yau da kullum, ya fi awa biyu a ranar Asabar kaɗai. In za a sauya wani abu, za a je biki ko aski, a sanar da shi tun da wuri, a nuna masa hoto, a tafi da abin da ke kwantar masa da hankali, a kuma yarda a dawo gida da wuri.

Malam mai gida, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Wasan ɗagawa sama da kokawar wasa da sukuwa a wuya, waɗanda yawancin yaran nan ke so, a hannunka suke. Rufe rijiya da murfi mai kwaɗo da gyara sakatar ƙofar gida ma naka ne, domin da yawansu sukan sulale su fita ba tare da sanin haɗari ba, kuma ruwa yana jan su. A damina kududdufi yana bayan gida. In ka ga yana sandarewa ko yana zuba ido ya ɗauke na ɗan lokaci, ka gaya wa likita, don farfaɗiya takan haɗu da wannan larura kuma tana da magani. Ɗauki bidiyon abin da waya ka nuna wa likitan. Addu'a kuwa a yi ta dare da rana. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ɗaure yaro, ko dukansa, ko turara masa hayaƙi mai shaƙewa da sunan fitar da aljani.

Saura makaranta. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kamar kowa. Kafin a kai shi, boko ce ko Islamiyya ko ta allo, uba ya je da kansa ya zauna da malam. Ya gaya masa abin da ke firgita yaron da abin da ke kwantar da shi, ya roƙa a zaunar da shi a gefe inda ƙarar karatu ba ta yi yawa ba, a bar shi ya fita ya sha iska in ya ƙosa, a kuma ajiye bulala in an zo kansa. In da hali a haɗa shi da yaro ɗaya mai haƙuri wanda zai riƙa kama hannunsa zuwa layi da wajen alwala. A fara da rabin awa a rana, a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda ya ɗauka.

A nan za mu dakata a sharhin namu na yau. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu reno lada.